Robar Hannun Hagu

Wadda ta rubuta min a ƙasan rubutun da ya wuce cewa "Auta, ke dai kin cika jawo wa kanki magana", ki zo ki karɓi gaskiyarki. Na jawo. Wannan karon ma ba magana kaɗai na jawo ba, don yanzu haka da nake danna muku wannan, tafin hannuna zogi yake yi, kumburin idona kuma bai gama sacewa ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce autar gidanmu, da Auta kowa ke kirana, har a shagon maganin da nake aiki. Wanda nake so bakaniken babur ne. Abokansa don tsokana suke ce masa Injiniya, ni kuma na riƙe sunan da gaske. Yayata, wadda ke aure a bayan layinmu amma kullum tana gidanmu kamar ta manta wani abu, cewa take duk mazan duniya ban ga na so ba sai mai baƙin farce. Baba shi bai ce e ba, bai ce a'a ba. Zaunar da mu ya yi a falo, ni a ƙasa kusa da ƙafar Umma, Injiniya a bakin ƙofa kai a sunkuye, ya ce:

"Ku ba ni zuwa ƙarshen wata in yi tunani. Kafin nan ba zuwa, ba waya, ba aike. In kun iya riƙe wannan 'yar maganar, na san za ku iya riƙe babba."

Muka ce mun ji, muka yi alkawari. Ku riƙe wannan a ranku, don a kansa komai ya rataya.

Yanzu sai babur. Na Baba ne, ƙaramin nan mai rufaffen jiki wanda ake jera ƙafafu a gaba, shuɗi ne amma rana ta sha kalarsa. Baba kafinta ne. Tun kafin a haife ni injin yanka katako ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu, ƙaramin da na kusa da shi. Saboda haka robar hannun babur ɗin ta hagu ba irin ta kowa ba ce. Tsohon tiyub ya yanka siri-siri ya yi ta naɗawa a kanta har ta yi ƙullutu, yadda yatsunsa ukun za su cika su kama. Da aka yi masa aikin ido likita ya ce ya ɗan huta da hawa, sai ya miƙa min mukulli ya ce in riƙa zuwa aiki da shi.

Naɗin nan ya tsufa. Ya yi tauri, ya tsattsage, bakinsa kamar wuƙa. Kullum na dawo daga aiki tafin hannuna ja wur, har ya yi bororo ya fashe. Na ɗauki hoton hannun na ɗora a waya inda kowa ke gani, na rubuta "wahalar neman na kai". Kar ku tambaye ni don wa na ɗora. Kun sani, ni ma na sani.

Washegari abokiyar aikina ta miƙo min wata baƙar leda tana murmushin gulma, ta ce wani dogo ne ya ajiye bai ko shigo ba. Robobin hannu ne guda biyu, sababbi fil, baƙaƙe masu laushi da 'yan layi-layi. Ina juya su wayata ta yi ƙara, saƙo daga Injiniya.

"Ban karya alkawari ba. Hannunki na aiko wa, ba ke ba."

Ya kamata in ajiye wayar. Sai na rubuta: "Hannun ya ce ya gode, amma bai iya sawa ba."

Shi ke nan fa. Alkawarin da muka riƙe kusan har bakin ƙarshen wata, a kan roba ya tsinke.

Jiya ba ni da aiki. Da hantsi Baba yana rumfarsa ta bayan gida, inda ya kwana biyu yana ƙwanƙwasa wani abu ya hana kowa shiga. Umma tana kicin. Na zura tsohuwar doguwar rigata mai aljihu, na ɗaure kai da ɗankwali, na tura babur ɗin bayan tankin ruwa inda ba a hango mutum daga taga. Na jingina wayar a kan bokiti, na rubuta wa Injiniya:

"Na shirya, Malam."

"Da ta dama za ki fara. Ki tsaga tsohuwar da reza a tsaye, a hankali. Akwai bututun totur a ƙarƙashinta, in kika yanke shi kin jawo mana aiki."

"Mana?"

"Ki mai da hankali, reza ce a hannunki."

Na yi dariya ni kaɗai kamar wata sabuwar mahaukaciya. Tsohuwar robar ta tsage ta faɗi. Ya ce in duba sababbin, mai faɗin baki ita ce ta dama. Ya ce in goge wurin da tsumma da ɗan fetur har tsohon gam ya fita, in jiƙa cikin robar da ruwan sabulu, in tura da tafin hannu lokaci guda ba tsayawa. Na yi, ta shige sumul. Sai ga wani saƙon:

"Ki ji wannan da kyau. In sun shiga, kar kowa ya hau sai gobe. Sai sabulun ya bushe suke kamawa."

"Na ji. Ba mai hawa sai ni."

Na koma ta hagu. A nan hannuna ya ɗan tsaya. Ban taɓa kallon naɗin Baba da kyau ba sai da na ɗora masa reza. Wuri uku ya lotsa, daidai inda yatsunsa ke zama. Raina ya ce min bari, na ce wa raina ai Baba ya daina hawa. Na danna rezar. Naɗi a kan naɗi, wani ya fi wani tsufa, garin katako yana zubowa daga tsakaninsu. Da ya rabu gaba ɗaya na kasa jefa shi a shara, sai na cusa shi a aljihun rigata.

Sabuwar ta hagun ta ƙi ni. Ta shiga rabi ta cije. Na tura, na murɗa, na buga da tafin hannu har bororona ya sake fashewa. Na zare da ƙyar na ƙara sabulu, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Na rubuta masa "ta ƙi shiga", shiru. Na sake, shiru, da alama an kawo masa aiki. Sai na ji ƙarar ƙofar gida da muryar Yaya tana sallama, muryar nan tata da ke riga ta shiga ɗaki.

In ta gan ni da sabuwar roba rabi a waje, kafin in rufe baki maganar ta kai rumfar Baba. Na yi wuf na shige ɗakina ta ƙofar baya, idona ya sauka a kan kwalbar man gashina a gaban madubi, mai ƙamshin kwakwa, wanda Baba ke cewa in na shafa har a rumfarsa yake sanin na fito wanka. Na laƙato da yatsa, na dawo na shafe ƙarfen da cikin robar. Turawa ɗaya ta shige har ƙarshe. Na goge bakin da tsumma, na ɗan murɗa ta, ta juya kaɗan. Na ce ba komai, kafin gobe ta bushe.

Har da yi masa gori: "Ta shiga. Man gashina na sa. Ka ga na fi ka dabara."

"Me kike yi a bayan tanki kamar mai satar kaza?" Yaya ce a kaina, hannu a ƙugu, sabon mayafinta mai duwatsu yana walƙiya.

"Babur nake gogewa."

Ta ja hanci. "Fetur kike wari. Tun ba a kai ki ba kin fara ƙamshin gidan."

Na mayar da babur ɗin inuwar da yake kwana, na wanke hannu, na shiga taya Umma aiki. Wallahi har wani daɗi nake ji a raina.

Rana ta ɗan karkata sai ga Baba ya fito daga ɗakinsa. Farar rigarsa ta fita ce a jikinsa, wadda ba ya sawa sai da dalili, ga hula, ga sabon tabarau, takalmin ya sha goga. A hammatarsa akwai wani abu naɗe a tsohon zanen Umma.

"Auta, kawo min mukullin babur."

Cokalin da ke hannuna ya faɗi. "Baba, likita fa ya hana."

"Likita ya sake ni tun wancan zuwan. Uwarki ce ta ƙi sakina."

"To bari in kai ka. Ko in tsayar maka da mota."

"Ni kayan wanki ne da za a ɗauke ni a ajiye? Kawo."

Na kawo. Ya tura babur ɗin zuwa ƙofar gida, ina biye da shi. Ya ɗaure ƙunshin nan a baya da igiya, ya zagayo zai hau, sai ya tsaya. Ya kalli hannun hagun. Ya daɗe yana kallo.

"Kin cire min naɗina."

"Yana ci min hannu ne, Baba."

Ya kamo tafin hannuna ya duba ciwon, ya girgiza kai. "Da kin faɗa min ai da na gyara miki. Wa ya sa miki sabuwar?"

"Ni na sa."

"A ina kika samo?"

Yaya tana tsaye a bayana, ina jin numfashinta a wuyana.

"A kasuwa na saya."

Ya ɗora yatsunsa uku a kan robar, ya matsa, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. "Ta zauna dai ko?"

'Yan uwa, ga inda nake so ku tsaya tare da ni. Magana ɗaya ce a bakina: Baba, kar ka hau sai gobe. Amma in na faɗa zai ce wa ya ce, kuma Baba ba a yi masa ƙarya biyu a jere. Zai gane akwai waya, akwai aike, duk abin da ya hana an yi. Na hango Injiniya a bakin ƙofar falo yana cewa ya yi alkawari. Na ce wa kaina Baba a hankali yake tafiya, sabulun ma ai ya sha iska, ba nisa zai yi ba.

"Ta zauna," na ce.

Ya tayar da babur, ya ce Allah ya yi min albarka, ya tafi. Ina kallon farar rigarsa tana kaɗawa har ya sha kwana.

Na dawo ciki na tarar da Umma tana murmushi ita kaɗai a kan tukunya.

"Umma, ina Baba zai je da kayan fita?"

"Wajen yaron naki. Ya ce ya gama tunaninsa, ba sai wata ya ƙare ba. Ya ce da kansa zai je ya same shi a wurin aikinsa, a kan babur ɗinsa."

Yaya ta taɓe baki. Ni kuwa sai na tuna daga gidanmu zuwa garejin Injiniya sai an bi gangaren gada, inda ko mai yatsu goma sai ya riƙe birki da kyau. Kuma birkin baya a hannun hagu yake.

A lokacin wayata ta yi ƙugi a aljihu. Saƙon murya. Na shige ɗaki na kara a kunne.

"Auta, ki ce min wasa kike. Mai ba ya bushewa, ko shekara zai yi. Ƙarfen yana ɗumama a rana robar za ta zare kamar safa. Ki cire ta yanzu, ki wanke da fetur ciki da waje. Kar ma a tura babur ɗin da ita. Kina ji na?"

Na kira lambar Baba. Ta shiga, sai na ji tana ringi a falo, a kan kujerarsa, kusa da maganin idonsa.

Na fito da gudu. Umma ta ga fuskata ta saki ludayi. A tsaye na zazzage mata komai, ledar, saƙonnin, man gashin. Yaya ta buɗe baki za ta fara, Umma ta ce mata, "Ke, ba yanzu ba." Ni kuma ta ce, "Kira yaron naki."

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Kin cire?"

"Baba ya hau. Wajenka ya nufa."

Na ji ƙarfe ya faɗi a siminti. "Ta gangaren gada?"

"Ba shi da wata hanyar."

Ya katse. Bai ce ya za mu yi da maganar alkawari ba, bai ce kar ki faɗa ba.

Na figi mayafin Umma daga kan igiya, na zura silifas, sai a titi na ga ɗaya nawa ne ɗaya na Yaya. Na tare babur ɗin haya na ce gangaren gada, don Allah ka yi sauri. A bakin kasuwa muka tarar da cunkoso, wata motar kaya ta gitta tana juyawa kamar ba za ta gama ba. Duk addu'ar da na sani na karanta, wasu na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Abin da ke dawo min kawai muryata ce: ta zauna.

Daga saman gangaren na hango mutane sun taru a gefen titi. Na diro tun mai babur bai gama tsayawa ba.

Babur ɗinmu yana kwance a bakin kwata, madubi ɗaya ya karye, hannun hagun ƙarfe tsirara yana sheƙi. Baba yana zaune a kan dakalin wani shago. Yana zaune, jama'a, da ransa, idonsa biyu. Farar rigar ta yage daga kafaɗa, hula babu, gwiwarsa ta dama jini ya jiƙa wandon. Injiniya yana durƙushe a gabansa daga shi sai singileti, ya yaga rigarsa yana ɗaure ciwon. Ko takalmi babu a ƙafarsa, nasa babur ɗin yana yashe a tsallaken titi bai ko kashe shi ba.

A hannun Baba na hagu, cikin yatsunsa uku, ga robar nan. Tare suka faɗi, bai sake ta ba.

Ina isowa na ji Injiniya yana cewa, "Baba, ni na sa robar. Aikina ne, ban yi shi da kyau ba. Ka yafe min."

Baba ya ɗaga robar ya kai hancinsa, ya shinshina bakinta.

"Kai da man kwakwa kake aiki a garejin naka?"

Na zube a ƙasa kusa da Injiniya, ban damu da masu kallo ba.

"Ni ce, Baba. Ni na sa man. Shi ya ce min kar kowa ya hau sai gobe."

"Ya ce miki."

"A waya."

"A waya," Baba ya maimaita a hankali. Ya gyara tabaraunsa da ya karkace. "Faɗuwa ba ta dame ni ba, na sha faɗuwa. Wayar ma da zan iya haɗiye ta, ku yara ne. Amma na tsaya a ƙofar gidana, na ɗora hannuna a kan abin nan, na tambaye ki. Me kika ce min?"

Ya miƙo min hannu ya ce:

"Ina naɗina?"

Na sa hannu a aljihu na ciro yankakken tiyub ɗin. Ya karɓa, ya shafa wuraren nan uku da suka lotsa, ya zura a aljihun rigarsa. Ya juya ga Injiniya.

"Kai kuma yanzun nan ka kalli idona ka yi min ƙarya. Na ga ƙafarka, na san yadda ka fito. Amma ƙarya ka yi." Ya numfasa. "Da amsa na baro gida. Yanzu ban san inda ta faɗi ba. Tashi ka kai ni a duba gwiwar nan."

Injiniya ya tallafe shi ya ɗora a bayan babur ɗinsa. Sai da suka daidaita Baba ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

"Ke, tura babur ɗin gida."

Ke. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira ni bai ce Auta ba, ko faɗa yake min.

Wani mai shago ya taya ni tayar da babur ɗin. Na fara turawa ina hawa gangaren, ƙarfen hagun yana zame min, man yana shiga ciwon hannuna. A tsakiyar hawan ƙunshin da Baba ya ɗaure a baya ya zame ya rataya. Na tsaya in gyara, zanen ya buɗe.

Ƙaramin akwatin katako ne, an goge shi sumul har yana ɗaukar ido. Na ɗaga murfin. A ciki an fafe gurbi-gurbi a jere, daga babba zuwa ƙarami, daidai zaman sifana, ƙarafan da bakanike ke kwance noti da su. Abin da ya kwana biyu yana ƙwanƙwasawa ke nan da sabon idonsa. Baba ba ya yi wa bare kyautar aikin hannunsa. Mijin Yaya ma sai da aka sa rana ya yi masa kujera. Kusurwa ɗaya ta akwatin ta tsage a faɗuwar. A nan gefen titi na zauna na yi kukan da ban yi a gabansa ba.

Ɗinki aka yi masa a gwiwa, ƙashi bai taɓu ba. Injiniya ya kawo shi har ƙofar gida ya juya, bai shigo ba, kuma daga lokacin ko saƙo ɗaya bai turo ba, ni ma ban tura ba. Baba ya wuce ni a tsakar gida yana ɗingishi kamar ya wuce tanki. Akwatin na shigo da shi ɗakina na tura ƙarƙashin gado, don ban san wa zan miƙa wa ba.

Yau da safe ina zaune ina rubuta muku wannan aka ƙwanƙwasa ƙofata. Ba irin bugun Umma ba ne. Na buɗe. Baba ne, ya dogara da bango, gwiwa a naɗe.

"Ke, miƙo min akwatin nan."

Na durƙusa na jawo shi, na miƙa da hannu biyu. Sai a lokacin na lura da gudumar da ke ɗaya hannun nasa. Na kalli fuskarsa ko zan gane gyara zai yi ko farfasawa, ban ga komai ba. Ya juya ya nufi rumfa, ya ja ƙofar ya rufe.

Ina nan zaune a bakin gado, wayar a cinyata. Yanzun nan na ji bugun farko.